Man Hancin Mai Turare

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya zukatanmu da zama gaban Shehinmu, malami masani, mai tsentseni da yawan murmushi, wanda bai taɓa raina tambaya ba komai ƙanƙantarta, Allah Ya ƙara masa yarda. Cikin karamominsa akwai wadda na gani da idona, kuma har yau in na tuna sai na dara kafin in yi tasbihi.

Mijin yayata mai haɗa turare ne, hancinsa ne jarinsa. Wata shekara mura ta kama shi ta ƙi saki, ya yi ta gogar hanci da tsumma har fatar ta sale, ta tsattsage, ta yi jawur, da ya kusanci bakin kwalba sai raɗaɗi ya sa shi hawaye, ƙamshi kuwa ya daina jin ko ɗis. Haka ya ci gaba da haɗi da ka, masu saye suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake tsokanarsa kullum, ina ce masa Sarkin Hanci, ranar da na same shi zaune a shago ya yi tagumi, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Na ja shi muka tafi wurin Malam.

Malam, Allah Ya saka masa da alheri, ya dube shi ya yi murmushi, ya umarce shi da ya sami kakin zuma ɗan kaɗan da man zaitun ninkinsa, ya zuba a gwangwani mai tsabta, ya ɗora gwangwanin cikin ruwan zafi, ba bisa wuta kai tsaye ba, ya riƙa juyawa da bisimilla har su narke su haɗe, sannan ya rufe ya bar shi ya huce. Da muka miƙe sai ya ƙara da cewa, "Kada ka sa masa turare ko ɗigo ɗaya. Hancin nan hutu yake nema."

To, mai turare ka san shi, a wurinsu abin kunya ne a rufe murfi a kan abin da ba ya ƙamshi. Ya yi komai daidai, amma da ya zo rufewa hannunsa ya kai ga kwalbar turare ya ɗiga, wai don kada matarsa ta ce ya yi aikin koyo. Man nan kuwa ya ce atafau ba zai daskare ba. Yayata ta sa shi a inuwa, ta tsoma shi cikin ruwan sanyi, ya kwana ya wuni yana nan tsululu kamar yanzu aka sauke shi.

Muka koma da gwangwanin a rufe, mijin yayata yana ta shirya bayani a hanya. Bai kai ga buɗe baki ba Malam ya ce, "Ɗigon nan ne. Hannunka ya saba, ban ga laifin zuciyarka ba." Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuwa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sai Malam ya aza tafinsa mai albarka bisa murfin, ya yi addu'a a ɓoye, ya miƙo mini ya ce in buɗe. Na buɗe, ga mai ya daskare lumus, har da ɗan sanyi. Muka zagaya da shi kowa ya shinshina, babu ƙamshin turare ko alama, sai ɗan ƙamshin kaki.

Mijin yayata ya shafa a hanci nan take, raɗaɗin ya kwanta. Kafin mako ya zagayo fatar ta haɗe sumul. Ranar da ya koma shago ina wurin, yayata ma ta leƙo. Ya buɗe babbar kwalbar da ke kan kanta, ya kai hanci, ya yi baya da sauri yana tari, ya ce, "Wane mugu ne ya haɗa wannan?"

Yayata ta ce, "Kai ne, maigida. Shi ka yi ta sayar wa bayin Allah."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo, ya tuntsurar da kwalbar a kwata, ya yi sujadar godiya a tsakiyar shagon, sannan ya bi masu sayen turarensa gida gida yana ba su haƙuri da sabon haɗi.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake girmama bayinSa salihai ko da a cikin ɗan gwangwanin mai. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja da nisan kwana, Ka sa mu cikin masu jin maganarsa tun a karon farko, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, amin.