Makero a Bayan Kili

Akwai wani manomi a wani gari na gindin dutse, yana da farin doki, irin wanda ake kira kili. Saboda dokin nan har mutane sun manta da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Yaro da babba Mai Kili suke ce masa, shi kuwa sai ya amsa yana murmushi.

A garin nan ba a ɗaure doki a gida. Barga guda gare su a bayan kasuwa, turke bakwai, kowane mai doki da turkensa, wani dattijo kuma da ake kira Baba Habila shi ne mai lura da ita. Suna da wata al'ada tun ran da aka kafa bargar. Buroshi ɗaya ne, rataye a ƙusa a bakin ƙofa. Duk wanda ya riga zuwa da safe, shi zai ɗauka ya goge dawakan duka bakwai, nasa da na 'yan'uwansa. Suna kiran wannan hannun farko. Ba a biya, ba a jiran godiya, haka kawai ake yi.

To, kowace shekara in an gama girbi, akan yi bikin godiya. Dawakan nan bakwai su ne ke ɗauko dammunan dawa na fari daga gonaki zuwa ƙofar majami'a, mata na guɗa, ganguna na tashi, yara na gudu a gefe. Dokin da ya shiga gaba kuwa, shi ake zancensa har shekara ta zagayo. Shekara goma sha ɗaya Mai Kili yana biye a baya. A wannan shekara dattawa suka ce Kili ne zai shiga gaba.

Kai, zo ku ga murna! Da gudu ya shiga gida, hula a hannu, yana kiran matarsa tun daga zaure.

"Kande! Kande! Kili ne a gaba!"

Kande ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, har kaji suka watse. Ran nan tuwo ya kama, ba wanda ya damu. Aka kai sirdi wurin baduku ya sake ɗinki. Aka sayo jan zare Kande ta hau yi wa linzami tuntaye. Mai Kili ya ƙara wa dokin harawa da dusa, kullum yana ƙirga kwanaki da yatsa.

Saura mako biyar biki, wata safiya yana shafa bayan Kili, sai yatsansa ya ji wani wuri ba sumul. Ya duba. Gashi ya zube a daidai inda sirdi ke zama, an bar wata da'ira kamar marfin kwalba, fatar ta yi toka-toka tana ɓarewa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ba kowa. Ya koma gida ya gaya wa Kande.

Kande ta ji bayani, ta ce, "Maigida, wannan ai kamar makero."

"Wane irin makero? Gugar sirdi ce."

"To, in gugar sirdi ce malamin dabbobi zai faɗa, in makero ne zai faɗa. Ran kasuwa yana zuwa. Ka gaya wa Baba Habila tun yau."

"In gaya masa, ya fitar mini da doki daga barga, a ba wani gaba? Shekara goma sha ɗaya fa, Kande!"

Ta koma kan tuntayenta. Shi kuwa ya ɗebi farar ƙasa ya jiƙa, ya je ya shafe wurin, ya samo wani tsohon mayafi ya lulluɓe bayan dokin, ya ɗaure da igiya. Wanda ya tambaya sai ya ce, "Ƙudaje ne, ba na so su ɓata mini farin nan kafin biki." Suka ce lallai ya yi dabara.

Amma ga matsala. Duk wanda ya yi hannun farko dole ya ɗaga mayafin nan ya goge bayan Kili. Saboda haka Mai Kili ya ƙudura ba wanda zai sake riga shi zuwa barga. Zakara na cara yana bakin ƙofa. Ya ɗauki buroshi ya fara da nasa, ya goge, ya shafa farar ƙasa, ya rufe. Sa'an nan da buroshin nan dai ya bi sauran shida ɗaya bayan ɗaya, wuya da baya da gindi, har suna sheƙi.

Gari ya ɗauki yabo. Baba Habila ya ce, "Kun ga mutum? Tun da aka ba shi gaba ya zama bawan kowa." Wani ya ce, "Mai Kili, ka bar mana lada mana, kai kaɗai za ka kwashe?" Aka yi dariya. Har a majami'a aka ambace shi, aka ce a yi koyi da shi. Yana zaune ya sunkuyar da kai, mutane suna cewa tawali'u ne.

A ƙarƙashin mayafi kuwa, ga zafi ga gumi, marfin kwalba ya zama bakin kofi. Ɗaya ya zama uku, uku suka zama tara, suka fara haɗewa.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa da hantsi, sai ihu ya tashi a barga. An ga da'ira a wuyan wata goɗiya. Aka duba na kusa da ita, ga biyu a kafaɗa. Baba Habila ya naɗe hannun riga zai taɓa, sai aka ga shi ma ga ja a damtsensa, zagayayye, ya kwana uku yana susa bai san mene ne ba.

"Makero!" in ji shi. "Makero ya shigo mana barga, saura mako uku biki! Daga ina?"

Duk ido ya koma turke na bakwai. Mai turken nan wani baƙo ne, Nuhu mai gishiri, wata biyu ke nan da zuwansa garin, dokinsa baƙi ne, ramamme, ya sha yawon kasuwanni.

"Ai ba sai an tambaya ba," in ji mai goɗiyar. "Mu da muke zaune lafiya shekara da shekaru? Malam Nuhu, da gishirin ka haɗo mana da wannan ko gyara ce?"

Nuhu ya ce, "Haba 'yan'uwa, ku duba dokina, ko ɗigo babu."

Mai goɗiyar ya ce, "Ya ba namu ya huta ke nan. Kwance shi!"

Wani har ya kai hannu kan igiyar. Nuhu ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai ga mai tsaya masa ba. Ya durƙusa ya fara kwance dokinsa da kansa. Baba Habila kuma ya juyo ya ce, "Mai Kili, Allah ya taimake ka da ka rufe naka. Ja shi nesa kada ya ɗauka."

Maganar nan ta soki Mai Kili har ciki. Ya ga in ya yi shiru, ba mai ɗaga mayafin nan har ran biki, kuma sirdi zai rufe sauran. Ya ga bayan Nuhu a durƙushe. Bai san lokacin da muryarsa ta fita ba.

"Malam Nuhu, mayar da igiyarka."

Ya taka zuwa wurin Kili, ya kwance ƙullin, ya yaye mayafin gaba ɗaya ya jefar a ƙasa. Farar ƙasa ta tashi kamar gari.

"Nawa ne," in ji shi. "Mako biyu ke nan da na gani. Sammakon da nake yi ba don ku ba ne, don kada wani ya ɗaga wannan ne. Da hannuna na bi dawakanku da shi. Baba, ka gafarta mini. Malam Nuhu, ka gafarta mini."

Baba Habila ya daɗe yana kallon bayan dokin, yana susar damtse. Can ya ce, "Ɗana, faɗan da zan yi maka yana nan, ba zai ruɓe ba. Yanzu a kira malamin dabbobi, yana cikin kasuwa."

Malamin ya zo a kan babur ɗinsa. Ya kankari gashi kaɗan ya duba, ya ce makero ne, ba shakka. Ya ce waɗanda ya fara kamawa yanzu za su warke kafin biki in an dage. Da ya zo kan Kili sai ya girgiza kai.

"Wannan zai daina yaɗawa, amma bayan nan ba zai ɗauki sirdi ba sai bayan wata biyu. Yaushe ka fara gani?"

"Saura mako biyar biki."

"Da ka kira ni ran nan, da yanzu gashi ya fara tsirowa. Da ka hau abinka."

Mai Kili ya zauna a ƙasa daɓas. Ashe kwanakin da yake tsoron ba za su isa ba, da sun isa har da saura.

Amma ba a bar shi ya zauna ba, gama aiki ya tashi. Kai, garin nan bai taɓa ganin wanki irin na ran nan ba! Aka hura wuta aka ƙone buroshi da mayafi. Mata suka ɗora manyan tukwane, aka tafasa ruwa, aka zuba igiyoyi da ragama da tsumman sirdi, aka shanya a rana har katangar kasuwa ta cika. Aka share barga, aka wanke turaku. Aka ware masu ciwon a ƙarƙashin tsamiya, kowanne da bokitinsa, ana yi musu wankan magani duk bayan kwana uku. Aka kai Baba Habila ɗakin shan magani aka ba shi na shafawa. Da ya dawo ya buga ƙusa bakwai a bakin ƙofa, ya rataya sabon buroshi a kowace.

Ya ce, "Hannun farko yana nan, ba mu fasa ba. Amma kowane doki da buroshinsa, kuma a wanke hannu tsakani."

Ran wankan Kili na fari, dokin ya ƙi tsayawa, maganin na yi masa zafi. Mai Kili na fama shi kaɗai sai ya ji an kama ragamar ta ɗaya gefen. Nuhu ne.

"Riƙe bokitin, ni na san kan doki mai gardama," in ji Nuhu. "Amma fa in ka sake shafa masa farar ƙasa, kai zan yi wa wankan."

Mai Kili ya yi dariya, hawaye na zuba.

Ran biki ya zo. Tun da safe ganguna suka ɗauka, dawakai shida suka fito da sirdi da ado, lafiya lau. Mai Kili ya tsaya can baya cikin jama'a, Kande na gefensa riƙe da linzamin da ta yi wa jajayen tuntaye. Sai ga Baba Habila yana ratsa mutane da sandarsa.

"Ina dokin gaba?"

"Baba, ai ba ya ɗaukar sirdi."

"Wa ya ce da kai sirdi muka zaɓa? Malamin ya ce ya daina yaɗawa. Je ka kawo shi. Damin kuma kai za ka ɗauka, wuyanka ai ba makero."

Da gudu ya tafi, kamar yaro! Aka sa wa Kili linzamin Kande, aka ɗora wa Mai Kili damin dawa a ka. Ya shiga gaba a ƙasa, yana jan dokinsa, bayan dokin a buɗe, ba mayafi ba sirdi. Duk garin suka ga tabban nan, suka kuma ga sabon gashi fari fat yana tsirowa a tsakiyar kowane. Kande ta saki guɗa, mata suka amsa, Nuhu na biye a kan baƙin dokinsa yana ɗaga hula. Mai Kili ya isa ƙofar majami'a gumi sharkaf, wuya ya ƙage, ya sauke damin, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

To, 'ya'yana, ga abin da misalin nan yake nufi. Bargar nan ita ce jama'ar Ubangiji, inda muke zaune turke kusa da turke. Makero shi ne zunubin da ya fara ƙarami: 'yar ƙarya, ɗan ƙyashi, ɗan abin da hannu ya ɗauka ba a gani ba. Mayafi da farar ƙasa su ne dabarun da muke rufe shi da su, a ƙarƙashinsu kuwa yake ƙara faɗi. Ku lura da buroshin nan da kyau. Mutumin ya yi aikin kirki kowace safiya, har aka yabe shi, amma da yake don ɓoyo ya yi, aikin kirkin nan ne ya kai ciwon ga maƙwabtansa, ya kuma kusa jawo a kori marar laifi. Mai yiwuwa ne ki share majami'a, ka fi kowa murya a waƙa, alhali mayafi ne kawai.

Malamin dabbobi kuwa yana nuna mana Yesu Almasihu, mai warkarwa. Tun ran fari yana kusa, yana cikin kasuwa, kira kawai yake jira. Jinkiri ya sa Mai Kili ya rasa hawan gaban da ya jira shekara goma sha ɗaya, wannan bai dawo ba. Amma da ya yaye mayafin, ba a kore shi ba, a gaba aka sa shi.

Saboda haka in akwai abin da ka lulluɓe, kada ka ce sai bayan biki. Je wurin mahaifiyarka, ko malaminka, ko wanda ka yi wa laifin, ka faɗa wa Ubangiji kuma, ka ce, "Nawa ne." Ka faɗa yau, tun yana kamar marfin kwalba.