Gadon Ajiya

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wata mace, Hajiya Kuluwa, wadda ke shugabantar wata ƙungiya ta unguwa. Aikinsu shi ne su karɓo tsofaffin gadaje da kujeru daga gidajen masu hali, kafinta ya gyara, su kai wa marasa shi. Mace ce mai ƙarancin magana, ta kuma san halin mutanen garinsu ciki da bai.

Wata damina ambaliya ta share kayan ɗakin Malam Tanimu, wani tsohon tela. Shi da matarsa Delu suka koma kwana a tabarma, ga ƙasa da danshi, har tari ya kama Delu ya ƙi sakinta. Ƙungiya ta aika masa da gado da katifa, ya mayar da su a kan kurar da ta kawo su. Ya ce tun da yake bai taɓa miƙa hannu ba, ba kuwa da furfura zai fara ba.

'Yan ƙungiya suka rabu biyu. Wasu suka ce a ba wani, mabukata ba su ƙare ba. Wasu suka ce a sa liman ya yi masa faɗa. Hajiya Kuluwa ta ga na farko zai bar Delu a ƙasa, na biyu kuma zai tozarta dattijo a bainar jama'a. Sai ta yafa mayafinta ta tafi da kanta.

Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, alfarma na zo nema. Rumfar da muke tara kaya tana yoyo, ina neman mai amana da zai ajiye mana gadon nan." Yoyon kam gaskiya ne. Malam Tanimu ya karɓa da murna, don shi mutum ne mai son a nemi alfarma a wurinsa.

Da ta koma dubiya, sai ta tarar an lulluɓe gadon da zane, an jingine katifar a bango, Delu na kwance a tabarma tana tari. Tsohon ya ce, "Amana ce, Hajiya. Ko zama ban bari an yi a kai ba."

Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta nuna ba. Ta durƙusa ta duba ƙafafun gadon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, a haka amanar za ta lalace. Gara ba ta son inda ake motsi, katakon da aka bari shiru shi take bi. Sharaɗin ajiyar nan shi ne a riƙa kwana a kai kullum. In ba za ku iya ba, sai in nemi wani."

Malam Tanimu ya dubi gadon, ya dubi matarsa, ya ce, "Delu, tashi ki hau, kada a ce mun ci amana." Da ta hau ya gyara mata matashi, sai ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba, "Yaushe za a zo ɗauka, Hajiya?"

Ta ce, "Ranar da gara ta ƙare a garin nan."

Ya gane sarai, ita ma ta san ya gane. Kafin kaka tarin Delu ya tafi.

Wanda zai ba mai mutunci kyauta, to ya fara nema masa hanyar da zai karɓa bai sunkuyar da kai ba.