Ƙunshin Tsumma a Dandali

An yi wani mutum a wani gari tun zamanin da, wani bawan Allah mai saƙar tabarma, sunansa Jatau. Shi da matarsa Tabawa 'ya ɗaya Allah Ya ba su, Kulu. Shekararta bakwai ba ta tafiya, ba ta magana, sai jan gindi, yawu na zuba, idonta kullum a kan abin da kowa ba ya gani.

Kun san bakin mutane. Aka ce 'yar ruwa ce, wai aljanu sun ɗauke ta gasken sun ajiye tasu. Magani, in ji su, a kai ta bakin kogi a juyo kada a waiwaya, za ta rikiɗe maciji ta koma wa danginta. Wa'iyazubillahi! Da mata biyu suka yi ɓari a unguwar cikin wata guda, sai aka ɗora wa Kulu laifin. Amma an rasa mai ƙarfin halin gaya wa Jatau ido da ido.

To, ku saurara ku ji dabarar matsorata. Bayan kaka samari kan yi wasan kwaikwayo a dandali. Dattawa suka kira shugaban wasan, Mantau, suka tsara masa abin da zai nuna. Sannan aka gayyaci Jatau da iyalinsa, aka zaunar da su a sahun gaba.

Bayan la'asar gari ya taru. Mantau ya fito a uba, wani saurayi ya ɗaura zane a uwa, goye da ƙunshin tsumma. Aka shimfiɗa baƙin zane a ƙasa, wai shi ne kogi. Suna ɗura wa tsumman kunu, suna yawon neman magani da shi, jama'a na dariya suna satar kallon sahun gaba.

Tabawa ta ce a hankali, "Maigida, mu tashi. Da mu ake."

Ya ce, "Zauna. In muka gudu yau, gobe har gida za su biyo mu."

Sai masu wasa suka ajiye ƙunshin a bakin zanen nan, suka juya baya. Kiɗa ya tsaya.

Jama'a, sai aka ji wani sauti. Siriri, dogo, ba kuka ba, ba waƙa ba. Mata suka hau a'uziyya, sun ɗauka tsumman ne ya yi murya. Mantau ya ƙame a tsaye, ya kasa waiwaye.

Ashe Kulu ce. Ta zame daga cinyar uwarta, tana jan jiki cikin fili, ta nufi baƙin zanen.  Kowa jira yake ya ga ta rikiɗe.

Ta isa. Ta jawo ƙunshin ta rungume a ƙirji. Ta kama gefen rigarta ta share masa baki, tana ɗan bubbuga bayansa, kamar yadda ake yi mata.

Jatau ya miƙe, hawaye na bin gemunsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iyayena, kun ce ba ta san komai ba. Ga shi ta san ba a yar da ɗa. Mu da aka ba hankali fa?"

Ya saɓa ta a kafaɗa har da tsumman, Tabawa na biye. Ba dattijon da ya iya ɗaga kai. Daga ranar ba a sake ambaton kogi ba. Kulu ta rayu shekara ashirin a hannun iyayenta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta furta kalma ɗaya ba.

'Yan'uwa, ɗa amana ne, kuma Allah ba Ya kuskure a halitta. Ni abin da ke ba ni haushi, yau ba ma kai su kogi, sai mu kulle su a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Wallahi wannan ma yarwa ce. Mai irin wannan yaro a gida ya fito da shi cikin mutane, maƙwabci kuma ya kama bakinsa ya kama musu. Ranar tsayuwa Allah zai ba Kulu da ire-irenta baki, kuma a kanmu za su yi magana.