Mutumin da Ya Yaye Ragar Marayu

An yi wani mutum da wansa ya rasu ya bar masa amanar mata da 'ya'ya uku, da 'yar sana'ar kiwon dodon koɗi a bayan gida. Akwatunan katako ne a inuwa, an lulluɓe su da raga don kada tsuntsu ya sauka. Abin da aka sayar wa masu gidajen abinci, da shi marayun ke ci. Mutumin ba mugu ba ne. Yana yayyafa ruwa, yana zuba ganye, sai dai yana jin haushin cewa ba wanda ya san da zamansa a duniya.

Wata safiya ya tarar dodon koɗi ɗaya ya baro inuwa, ya hau bakin akwati inda raga ta yage, yana zaune cikin rana. Ƙahonsa ya kumbura, kore-kore, yana harbawa kamar jijiya. Ya ɗauki hotonsa a waya ya watsa a intanet. Kafin la'asar, mutanen da bai taɓa gani ba sai yabonsa suke yi.

Malamin gona ya zo ya duba, ya ce, "Tsutsa ce. Daga kashin tsuntsu take shiga cikinsa, ta hau ƙahon, ta koro shi fili don tsuntsu ya gan shi ya cafke. Ka ƙone wannan, ka ɗinke ragar yau."

Ya ce to. Malamin na fita, ya yaye ragar gaba ɗaya, har da watsa tsaba don tsuntsaye su taru. So yake ya sami wasu masu irin wannan ƙahon.

Matar wansa ta ce, "Baffan yara, abincin yaran nan fa kake buɗe wa tsuntsu."

Ya ce, "Yaya, ke dai ki zuba ido." Ko kansa bai ɗaga daga wayar ba.

Ya kuwa samu. Suka riƙa fitowa rana ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye na tsattsagar su, shi yana ɗauka. Masu gidajen abinci suka daina saye. Tukunya ta fara kwana a kife. Masu kallon ma suka gaji, suka koma kallon wani abu.

Ranar da matar ta ɗaure kaya za ta koma gidan iyayenta, autar wansa ta riƙe masa ƙafa tana kuka. Ya dube ta. Ya laluba zuciyarsa ko zai ji wani abu, bai ji komai ba. Abin da kawai ya faɗo masa shi ne, kukan nan zai yi kyau a waya. Ya kuwa ɗaga wayar.

Ya 'yan uwa, wa ya kai dodon koɗin nan cikin rana? Shi a ganinsa ra'ayinsa ne. Haka son a gani yake yi wa bawa. Ba ya zuwa da zafi, ba ya hana shi barci. Zama yake yi a bayan ido yana tuƙa mutum, har ya ci amanar maraya yana ganin aiki yake yi.

Kiwo ya mutu ana iya sake wani. Amma wanda maraya ya yi kuka a ƙafarsa bai ji komai ba, da me zai tuba?

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ta mutu mai ita yana yawo. Amin.