Dalilin da Ya Sa Ake Taka Famfon Keke

Dalilin da ya sa famfon keken nan ba ya ba da iska sai an taka masa kai, ku matso ku ji. Wanda kuma ya katse ni, ya tashi ya ba ni wuri.

A da can, da hannu ake buga famfo, ba wanda ya taɓa tunanin sa masa ƙafa. Ka ja mariƙinsa sama ya shaƙi iska, ka danna ƙasa ya tura ta cikin taya. Aibinsa ɗaya ne: da ka sake shi, sai ya tsotse iskar da ya bayar ya maida cikinsa, taya ta koma ta kwanta.

To, akwai wani mai facin taya, Nomau, a gindin wata tsamiya bakin hanyar kasuwa. Gwani ne, ba a ƙwace masa wannan ba, sai dai Allah ya jarabce shi da gaisuwa. Mutum ba zai gifta ba sai Nomau ya saki famfo ya miƙa hannu biyu, ya tambayi gida da gajiya da yara, ya dafa ƙirji. Kafin ya juyo taya ta sace, a koma farko. Akwai wanda ya kawo keke da hantsi, har aka yi la'asar tayarsa ba ta tashi ba, amma ya tafi gida ya san lafiyar kowa a garin.

Sai masu kekuna suka watse masa. Gida ya fara wuni ba a hura wuta ba. Matarsa Tabawa ba ta kai ƙara ba, amma labari ya kai kunnen mahaifinta, Baba Cindo. Tsoho ya aiko cewa ranar kasuwa yana tafe ya ga sana'ar da idonsa, in ba ta ciyar da gida zai tafi da 'yarsa. Nomau kuwa yana son Tabawa, so na gaske, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ranar ta zo. Mutum ɗaya tak ya tsaya, Korau mai kifi, shi ma don tayarsa ta baya ta sace ne daidai tsamiyar, ba yadda zai yi. Ga kwando cike da ɗanyar tarwaɗa, rana tana dukansa. Ya roƙi Nomau don girman Allah yau kada ya ga kowa. Nomau ya yi faci, ya ɗaura tiyo, ya sunkuyar da kai ya kama bugawa. Mutum uku suka yi sallama, ya amsa a ciki kamar mai ciwon haƙori. Taya ta fara tasowa.

Sai ga sandar Baba Cindo a gabansa.

Suruki dai ba a amsa masa a ciki. Nomau ya tuɓe takalmi ya rusuna, tsoho ya miƙo hannu, ya tarba da hannu biyu. Famfo ya zame ya jingina da saiwar tsamiya. Shi kuwa Baba Cindo, inda Nomau ya tsaya a gaisuwa, nan shi ya fara. In ya kama hannunka, har lafiyar maƙwabcin kakanka sai ya tambaya. Ya riƙe gam. Iska ta fara komowa, taya tana lotsawa, Korau yana salati a kan kifinsa. Tsoho yana cewa ina gajiya, yana kallon tayar ta gefen ido.

Nomau ya ga in tayar nan ta kwanta, Tabawa ta tafi, in kuma ya fizge hannu, nan ma ta tafi. Sai ya ɗaga ƙafar dama ya taka kan famfo.

Famfo tun da yake bai taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Shi da ake riƙewa da hannu biyu! Ya furzar da iska don takaici, duk ta shige taya. Ya yunƙuro ya ja numfashi zai yi magana, Nomau ya sake taka shi. Ya sake tasowa, aka sake takawa. Daga sama kana jin lafiya lau Baba, daga ƙasa kana jin fuf. Sai alheri, fuf. Don tsabar fushi famfo ya rantse, iskar da aka fitar masa da ƙafa ba zai ƙara haɗiye ta ba. Ya toshe maƙogwaronsa da wani ɗan harshe mai buɗewa waje ɗaya. Iska ta juyo ta tarar da ƙofa a rufe, dole ta zauna cikin taya.

Kafin a kai ga lafiyar awaki, taya ta cika tam. Korau ya zare tiyo da kansa, famfo ya ja dogon tsaki. Baba Cindo ya saki hannu, ya latsa tayar da babban yatsa. Ba ta lotsa ba. Korau ya haye kekensa ya yi kasuwa, ko sallama babu. Tsoho ya dubi ƙafar Nomau, ya daɗe yana dubanta.

"Na zo ne in tafi da yarinyar nan," in ji shi. "Amma mutumin da bai saki hannuna ba, bai kuma saki sana'arsa ba, ban ga ta inda zan kama shi ba. Ta zauna ɗakinta."

Daɗi ya kama Nomau har ƙwalla ta zubo masa. Bai sami hannun sharewa ba, don tsoho ya sake kamawa, ya ɗauko gaisuwar daga farko.

Shi ya sa har yau famfon nan a ƙasa yake kwance, ƙafa ke bi da shi. Duk takun da ka yi sai ya taso ya ja numfashi. Masu gyara za su ce muku sifirin ɗin ƙarfen da ke cikinsa ne ke ɗaga shi, ku ƙyale su, magana yake son yi, kuma har yanzu ba a bar shi ya faɗa ba.