Wufa Biyu da Tulun Afiniki

Akwai wani magidanci da yake da ƙaramar wufa a falonsa, wato sifikar nan mai fitar da kaurin sauti, irin wanda mutum yake ji har cikin ƙirjinsa. Shekara bakwai tana yi masa aiki lafiya lau. Sai wata rana ya shiga gidan maƙwabcinsa, ya ga wufar maƙwabcin ta kai mutum kwankwaso. Tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba, sai da ya sayo wadda ta fi ta maƙwabcin girma, ta wani kamfani dabam. Ya ce a jona ta da ƙaramar, don a san nasa biyu ne.

Mai gyaran rediyo da ya zo haɗa wayoyin ya ce masa, "Maigida, waɗannan ba tafiyarsu ɗaya ba. Sa'ad da ɗaya take tura iska, ɗayar ja take yi. Za su cinye muryar juna."

Ya ce, "Kai dai haɗa."

To, matarsa Afiniki ita ce mai buga tulun kiɗa a zumuntar mata ta cocinsu. An ɗauki waƙar da suka yi ranar godiyar kaka, sai ya gayyaci matan su zo gidansa su saurara bayan sujada. Gaskiyar magana, ba waƙar yake so su ji ba, wufar yake so su gani.

Suka zazzauna, ya kunna. Muryoyin mata suka fito, caki ya fito, amma tulu babu shi, sai wani gurnani. Ya ƙara murya har tagogi suka yi rawa, tulun dai shiru. Sai ya juya wurin matarsa a gaban kowa ya ce, "Ke kuma, ashe ranar nan shafa tulun kika yi ta yi? Shekara nawa, hannunki bai faɗa ba?"

Afiniki ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baban Iliya. Daga yau sai a ba wata ta buga."

Shugabar zumunta, wata dattijuwa mai suna Mama Keziya, ta ce, "Ɗana, ranar ina tsaye kusa da ita, har a tafin ƙafata na ji tulun nan. Cire mana wannan ƙatuwar mu ji."

Ya cire. Nan take tulun ya fito daga ƙaramar, dim, dim, dim, ya cika falon. Ba wadda ta yi dariya, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo. Ya tsaya da waya a hannu, kunya ta rufe shi, ya kasa duban matarsa. Da kyar ya ce, "Afiniki, laifina ne. Ki yafe mini."

Ma'anar misalin nan ita ce, ƙaramar wufa zuciyar da take son yabon Ubangiji ce, ƙatuwar kuwa son a gan mu ne. Mukan jona su tare, mu ɗauka za a sami ƙarin albarka, alhali ɗaya tana haɗiye ɗaya. Idan salama ta ɓace a gida kuma, sai mu ɗora laifin a kan na kusa da mu, wanda ya yi aikinsa da aminci. Ni da nake gaya muku, na taɓa yin haka, har yau in na tuna ina jin kunya. 'Yan'uwa, kafin ku ce hannun wani bai faɗa ba, ku fara leƙa abin da kuka jona da hannunku. In kun riga kun faɗa, ku koma gida yau ku roƙi gafara, tun ba a ajiye tulun ba.