Motar Da Aka Janye Daga Ƙetaren Dogo

Orval Tackett ya shekara goma sha ɗaya yana kansila a garin Brennock, kuma shi ke shugabantar kwamitin da ke sa ido kan 'yan sanda: kuɗinsu, yawansu, da inda ake tura kowa. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa cin kwabon kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, ƙyuyar karatu. Duk Juma'a akan kawo masa tulin takardun zaman majalisa, ya jefa su kujerar bayan mota, ranar Talata ya shiga da su zaure ko robar da aka ɗaure su bai cire ba.

Layin dogo ya raba Brennock biyu. In jirgin kaya ya zo wucewa yakan tare hanya ɗaya tilo da ta haɗa ɓangarorin, wani lokaci har minti ashirin. Shi ya sa tun da daɗewa ake girke motar 'yan sanda ɗaya a ƙetaren dogo. A can Noreen take zaune, 'yar marigayi aminin Orval, wadda ta rabu da mijinta Curtis bayan ya karya mata hannu. Kotu ta hana shi kusantar gidanta, amma kowa ya san ba takardar kotu yake tsoro ba, motar nan ce da ke kewaya layinsu.

Wata Litinin da safe Noreen ta iske Orval a gidan abinci yana shan kofi.

"Kawu, ka karanta takardun gobe?"

"Ke kuma yaushe kika zama malamar ajinmu? Zauna a kawo miki ƙwai."

"Ba wasa nake ba. Wata ƙawata a ofishin 'yan sanda ta ce za a janye motarmu. Wai an sa maganar cikin jerin da kuke wucewa da shi a dunƙule."

Majalisar kan tara ƙananan batutuwa a jeri ɗaya, a kaɗa musu ƙuri'a lokaci guda ba muhawara. Amma in kansila ɗaya ya faɗi lambar batu ya ce a cire, dole a tsaya a tattauna shi.

Noreen ta sassauta murya. "Jiya na ga Curtis a bakin layi cikin motarsa, ya kashe inji yana zaune. Bai gusa ba sai da motar 'yan sanda ta ɓullo. Baki kawai za ka buɗe, Kawu."

"Ina raye a majalisa a yi haka? Kwantar da hankalinki, yau ɗin nan zan duba."

Bai duba ba. Ya ɗaga tulin, ya ji nauyinsa, ya ga kiran waya ya fi sauƙi. Ya kira Dwight Sobczak, shugaban 'yan sanda, abokin kamun kifinsa.

"Dwight, wai motar ƙetare za ka janye?"

"Wa ke kai maka gulma, dattijo? Mutum uku sun yi ritaya, kun hana ni ɗaukar wasu, dole in ɗan juya aikin. Komai yana nan a rubuce, karanta mana."

"Ka san ni da karatu."

Suka yi dariya, hira ta koma kan kifi. Orval bai lura mutumin bai ce masa a'a ba.

Ranar Talata magajin gari ya dubi kansiloli ya ce, "Akwai mai son a cire wani abu daga jerin?" Noreen na zaune a kujerar baya, Orval yana jin idonta a ƙeyarsa. Sai dai bai san lambar batun ba. In ya tambaya, duk zauren zai gane shugaban kwamiti bai buɗe takardunsa ba. Kunya ta kama shi, ya zaɓi mutuncinsa, ya yi gum. Batun kuwa na goma sha bakwai ne, layi huɗu kacal. Hannu bakwai suka tashi, har da nasa. Noreen ta tashi ta fita.

Bayan mako uku, wata Alhamis da rana, wayarsa ta yi ƙara.

"Kawu, Curtis yana bakin ƙofa. Na kira 'yan sanda. Kar ka kashe."

Ya figi mota, waya a kunne. Da ya iso dogo ya tarar an sauke shinge, jirgin kaya yana jan ciki a hankali. Motar 'yan sanda na tsaye a gaba tana jiniya, ba hanya. Ya sauko da gudu ya isa gun 'yar sandan da ke ciki.

"Ba wata hanya?"

Ta girgiza kai, idonta na kan taragai. "A da a ƙetare nake aiki, ranka ya daɗe. Farkon wata aka dawo da ni nan."

A waya ya ji ƙarar fashewar gilashi. Ya ji Noreen tana cewa, "Curtis, don Allah." Daga nan layin ya mutu. Ya yi ta kiran sunanta, tarago na bin tarago. Minti goma sha huɗu suka yi a wurin.

Da aka ɗaga shinge suka tarar da Curtis zaune a matakalar gida, hannunsa duk jini. Noreen ta cika kafin a kai asibiti. A zaman da ya biyo baya majalisa ta mayar da motar ƙetare, Orval kuwa ya ajiye kujerarsa, bai ƙara tsallaka dogon nan ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Duk wanda aka ɗora ya sa ido kan aikin wasu, sa idon shi ne aikinsa, ba ɗaga hannu ba. Kar ka amince da abin da ba ka karanta ba don ka yarda da mai kawo shi, kuma in ba ka sani ba ka tambaya, ko za a yi maka dariya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, amma shirun mai riƙe da amana yana iya cin ran wanda ya dogara da shi.